Gona, Diyya da Kujerar Alƙali: Muhawarar Yamai Ta Iso Karkarar Maraɗi

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, ba zai ga daji ba sai gona na bin gona: gero nan, wake can, ga kuma aya wadda ake lodinta buhu-buhu zuwa Nijeriya. Jama'a ta yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba. Saboda haka ne muhawarar da ake yi a Yamai game da naɗin manyan alƙalai, da karɓe dukiya, da ikon ƙananan hukumomi, ta shafi manomin wannan yanki da ɗan kasuwarsa fiye da yadda suke zato.

Darasin Toda

A watan Oktoba na 1991, ana cikin Babban Taron Ƙasa, rikici ya ɓarke tsakanin manoma da makiyaya a Toda, cikin yankin Gidan Rumji. An kashe mutum sama da 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Tun kafin wannan masifa maganar fili ta daɗe da dagulewa. A 1974 Seyni Kountché ya shelanta cewa gona ta mai nomanta ce, sai wanda aka ba aro ko jingina ya ce ta zama tasa, mai gado kuma ya ce bai yarda ba. Burtali da mashaya suka yi ta shigewa cikin gonaki.

Ranar 2 ga Maris 1993 aka fito da doka mai lamba 93-015, tushen tsarin filayen karkara. Dokar ta daidaita haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta takarda, ta kuma buɗe hanyar kafa kwamitocin filaye da aka sani da COFO. A gunduma perefe ne ke shugabantar kwamitin, a ƙaramar hukuma magajin gari, a ƙauye kuma maigari. Su ne ke ba da takardun shaidar saye da gado da jingina, su ne ke shata burtali. In rigima ta tashi, sai a fara da sulhun sarakunan gargajiya. In sulhu ya gagara, a tafi gaban alƙali.

In gwamnati na son gonar talaka

Doka ta yarje wa gwamnati ta karɓi filin mutum domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta ko bututun man fetur irin wanda ya taso daga Agadem ya ratsa jihar Maraɗi zuwa gaɓar tekun Benin. Amma dokar 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta gindaya sharuɗɗa. Da farko a bayyana cewa aikin na amfanin jama'a ne. Sai a yi bincike, a ƙidaya filaye da masu su, a saurari ƙorafi. Daga nan a nemi daidaitawa kan diyya, in ba a daidaita ba alƙali ya yanke. Tsarin mulkin 2010 ya ƙarfafa wannan, inda ya ce diyyar ta kasance ta adalci, kuma a biya ta kafin a karɓi filin.

A nan ne gizo ke saƙa. Wanda ba shi da takardar COFO, sai ya nemo shaidu. Wanda ke noma gonar jingina, ko macen da ke noma gamanarta cikin gandun miji, sau da yawa ba sunansu ke shiga lissafi ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya sayi gona a Cadawa da baki kawai, shi ma yana cikin wannan haɗari. Mafakar kowannensu ta ƙarshe ita ce alƙali. To, wa ke ɗora alƙalin bisa kujera, wa kuma ke iya sauke shi?

Kujerar alƙali

Ƙasar nan ta taɓa ganin amsar a fili. Ranar 12 ga Yuni 2009 Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardama ta tazarcen Shugaba Tandja Mamadou. Ranar 29 ga watan ya rushe kotun, daga baya ya naɗa wata. An yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, amma ranar 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da gwamnatin. Masu rubuta tsarin mulkin 2010 sun ɗauki darasi: cikin mambobi 7 na kotun, ɗaya tak shugaban ƙasa ke gabatarwa, ɗaya majalisar dokoki, sauran 5 kuwa alƙalai da lauyoyi da malaman jami'a da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke zaɓo su, wa'adinsu shekara 6 ba maimaici. Duk da haka shugaban ƙasa ne ya ci gaba da jagorantar majalisar ƙoli ta alƙalai, mai kula da naɗi da canjin wurin aiki, abin da ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ta sha kokawa a kai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da wannan tsarin mulki. An kafa Kotun Ƙasa, wadda mahukunta suka naɗa mambobinta, da hukumar COLDEFF mai ƙwato dukiyar gwamnati daga hannun waɗanda ake tuhuma. Magoya baya na cewa tsoffin kotuna sun bar manyan ɓarayi suna yawo, gara a yi sauri a ƙwato haƙƙin talaka. Masu suka na amsawa da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma hanyar da aka bi aka karɓe gidan ɓarawo ba tare da cikakkiyar shari'a ba, ita za a bi gobe zuwa kantin mai gaskiya.

Mai ɗaki da yoyonsa

Nijar ba tarayya ba ce kamar Nijeriya, inda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnonin jihohi. Ikon da yankuna suka samu ya zo ne da zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004. A 2011 aka ɓalle Gazawa daga Agye ta zama gunduma, don mulki ya kusanci jama'a. A Afrilu 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun, aka ɗora wakilan da gwamnati ta naɗa. Wasu sun yi murna, domin akwai magadan gari da aka zarga da yanka filayen jama'a suna sayarwa. Wasu kuma na tunatarwa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma zaɓaɓɓe ana iya kayar da shi, naɗaɗɗe kuwa sai wanda ya naɗa shi.

Kafin manya su kammala gardamarsu, abin da ke hannun manomi da ɗan kasuwa shi ne su rubuta kowane ciniki na fili a gaban COFO tun shaidu na raye. Abin da ke wuyan ma'aikaci kuwa shi ne kada ya sa hannu a karɓi gona ba a biya diyya ba. Allah ya kiyashe mu da maimaita Toda.