An yi wa yaro aikin gwaiwa: sauran aiki yana gida

A wannan fitowa za mu yi magana kan wani ciwo da ke kai ƙananan yara ɗakin tiyata. Ciwon shi ne gwaiwa, wadda wasu ke kira ƙaba.

Kalmar "aiki" tana tsorata iyaye. Da lokotoro ya ce sai an yi wa yaro aiki, sai gaban uwa ya faɗi, uba kuma ya fara lissafin dammunan da suka rage a rumbu. Wasu su koma gida da yaron, ba su sake dawowa ba sai ciwo ya yi tsanani. Wasu su yarda a yi aikin, amma su ɓata shi a gida da hannunsu, ba da gangan ba, don rashin sani. Aikin lokotoro bai cika wuce awa 1 ba. Namu na iyaye yakan kai sati 2, kuma a kansa warkewar yaro ta dogara.

Mene ne gwaiwar yara?

Gwaiwar yaro ba ta zuwa daga ɗaukar kaya mai nauyi, kuma ba sammu ba ce. Da ita ake haihuwarsa. Tun yana cikin uwa akwai wata ƴar kafa a ƙasan mararsa, wadda ya kamata ta rufe. Ga wasu yara ba ta rufewa. Sai hanji ya riƙa leƙowa ta nan, ya tada kumburi a matsematsi, wani lokaci har ya sauka cikin jakar maraina.

Cikin yara 100, ana samunta ga 1 zuwa 5. Ta fi kama maza, amma mata ma suna samunta. Ta fi yawa ga bakwaini, watau jaririn da aka haifa bai cika wata tara ba. Kumburin yana fitowa in yaro ya yi kuka, ko tari, ko yunƙurin kashi. In ya kwanta ya yi barci, sai ya koma.

Kada mu haɗa ta da ƙaton cibi. Cibin da ya fito waje yakan koma da kansa kafin yaro ya kai shekara 4 ko 5. Gwaiwar matsematsi kuwa ba ta rufewa da kanta. Jiƙo ba ya rufe ta, tsagar wanzami ba ta rufe ta, ɗaure wurin da tsumma ma ba ya rufe ta. Maganinta ɗinki ne.

Ranar da ba a jira

Haɗarin gwaiwa shi ne hanji ya fito ya maƙale. A nan kumburin yakan yi tauri, ya ƙi komawa, yaro ba ya yarda a taɓa wurin. Sai kuka ba tsayawa, sai amai, wani lokaci amai kore. Ciki ya kumbura, kashi ya tsaya. Jini ya daina isa ga hanjin da ya maƙale, kuma cikin awa kamar 6 hanjin yana iya fara mutuwa.

In mun ga haka, kada mu jira gari ya waye, kada mu jira mai gida ya dawo daga kasuwa. Kada mu danna kumburin da ƙarfi, kada mu ba yaron abinci. Mu nufi likita nan take, ko da amalanke ne, ko da kabu-kabu.

Shi ya sa ake son a yi aikin tun yaro yana cikin ƙoshin lafiya. Aikin da aka shirya ƙarami ne. Na gaggawa kuwa yana iya kaiwa ga yanke hanji, da doguwar jinya, da kuɗi masu yawa. Manomi ya san haka: ɓarakar rumbu tun da rani ake liƙe ta, ba a bari sai hadari ya haɗu.

Ina ake yin aikin?

Mu fara daga likitar da ke kusa da mu. Majo zai duba yaron, ya rubuta takardar da za ta kai mu gaba. Ana yin tiyata a manyan asibitocin Yamai, da Damagaram, da Maraɗi, da Tawa, da asibitin Galmi wanda aka buɗe a 1950, da waɗansu asibitocin gundumomi masu ɗakin tiyata. In jariri ne ƙarami ƙwarai, ana iya tura mu wurin da ke da ƙwararrun aikin yara.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati. Mu tafi da karnen yaron, mu tambayi abin da aka ɗauke mana da abin da za mu saya. Kuɗin mota da na abincin mai jinya suna wuyanmu. Nan ne asusun mata yake da rana, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Rancen asusu ya fi sayar da tunkiya da gaggawa a kan kuɗin da bai kai ba.

Kafin a shiga da yaro

Za a ba yaron maganin barci don kada ya ji zafi. Saboda haka dole cikinsa ya zama babu abinci. In da abinci a ciki, yana iya yin amai cikin barcin, aman ya shiga huhu, ya halaka shi. Yawanci ana tsaida abinci da kunu awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Amma lokacin da ma'aikatan asibiti suka faɗa mana, shi za mu bi.

Iyaye mata da kakanni, a nan sai an daure. Yaro zai yi kukan yunwa. Kada tausayi ya sa mu ba shi fura a ɓoye. In kuma ya riga ya ci wani abu, mu faɗi gaskiya. Ɗage aiki zuwa gobe ya fi nadama. Mu faɗa musu in yana tari, ko mura, ko masassara, da duk maganin da muka ba shi, har da na gargajiya.

Wurin ɗinki

In aikin ya tafi daidai, akan sallami yaro ran nan ko bayan kwana 1 ko 2. Daga nan amana ta dawo hannunmu.

Mu wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa kusa da wurin. Mu bar bandeji yadda aka ɗaura shi, kada ya jiƙe. A kwana 2 na farko, mu goge jikin yaron da tsumma mai tsabta maimakon wanka. In jariri ne, mu canza masa ƙyalle da zarar ya yi fitsari ko kashi, don wurin ɗinkin yana kusa. In bandejin ya ɓaci, mu kai shi likita a sake wani.

Kada mu sa komai a kan ɗinkin. Ba toka, ba kanwa, ba man shanu, ba garin sassaƙe, ba garin ƙwayar da aka fasa. Kashin shanu da ƙasa suna ɗauke da ƙwayar tetanos, ciwon da ke sarƙe haƙora, mai saurin kisa. Ƴan dubiya za su zo, kowa da maganinsa. Mu gode musu, mu ce lokotoro ya hana.

Wajen goyo, mu lura kada zane ya matse wurin ko ya goge shi. A kwanakin farko gara a ɗauki yaron a kafaɗa. Ɗan kumburi a jakar maraina bayan aiki ba abin tsoro ba ne, yakan sauka a hankali. Yaro zai tashi ya yi tafiya da kansa, kada mu hana shi. Amma hawan jaki, da kokawa, da wasa cikin tabki, su dakata har sati 2 ko yadda aka ce mana.

Magani da abinci

Maganin zafin da aka fi bayarwa shi ne parasetamol. Ana auna shi bisa nauyin yaro, kuma ba a wuce sau 4 a yini da dare. Ƙwayar babba ba ta yaro ba ce. Kada mu ba shi aspirin. Kada mu kuskura mu ba shi tramol, don yana iya tsaida numfashin yaro. Mu sayi magani a farmasi da takardar lokotoro, mu bar na ƴan talla da ya sha rana a kan tire.

Jiki da abinci yake ɗinke kansa. Mai shan nono ya ci gaba da sha da zarar an ba da izini. Wanda aka yaye ya fara da ruwa mai tsabta da kunu, sannan ya koma abincin gida. Mu ƙara masa abin gina jiki: ƙwai, wake, kifi, nama, madara, garin ƙuli-ƙuli cikin kunu, ganyen zogale cikin miya. Ana cewa ƙwai yana sa yaro sata, ana cewa gyaɗa da madara suna sa miki ruwa. Ba haka ba ne. Ƙazanta ke kawo mugunya, yunwa kuma ke hana miki warkewa. Ƙwan zabin da za mu kai kasuwa, a wannan sati na yaron ne. Miyar kuka da ta kuɓewa, da gwanda, da ruwa isasshe, suna sa kashi ya yi taushi, yaro ba zai yi yunƙuri ba.

Ya kwana cikin sange kowane dare. Masassarar cizon sauro ba ta tausayin mai jinya.

Alamu 6 na komawa likita da gaggawa

1. Jikin yaro ya yi zafi.
2. Wurin ɗinki ya yi ja, ya kumbura, yana wari ko fitar da mugunya.
3. Jini yana zuba, ko ɗinki ya buɗe.
4. Amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura.
5. Ya yini bai yi fitsari ba.
6. Ya ƙi nono ko abinci, jikinsa ya saki, ko kuka ya ƙi ƙarewa duk da magani.

Alama ɗaya ta isa. Kada mu ce masassara ce kawai mu sayi ƙwaya. A likita ne za a gwada jini, a duba ɗinkin, a gane inda zafin ya fito.

Ranar komawa

Akwai zaren da ke narkewa da kansa, akwai wanda ake cirewa bayan kwana 7 zuwa 10. Mu tambayi wane iri aka sa wa yaronmu, kuma kada mu cire shi da kanmu. Ko yaro ya warke yana guje-guje, ranar da aka rubuta mana mu koma. Ko ranar kasuwa ce, ko ranar shuka, a samu mai kai shi. Wani lokaci gwaiwa takan fito a ɗaya gefen daga baya. In mun ga sabon kumburi, mu koma mu nuna.

Ga inda karatunmu yake da amfani. Da can sai mun nemi ɗan lakkol ya karanta mana takarda. Yau da kanmu za mu karanta ranar komawa a cikin karne. Mu ɗauki alli ko fensir, mu rubuta lokacin da muka ba da magani, don kada uwa ta ba shi, kaka ma ta ƙara masa. Mu kwafe alamun nan 6 a kan takarda, mu liƙa a bangon ɗaki.

Maza, jinya ba ta mata kaɗai ba ce. Uwa mai jinya ba za ta iya daka da ɗiban ruwa da neman itace duka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A rage mata aiki har yaron ya miƙe.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya mana ƴaƴanmu. Amin.