Sabuwar hanya ko gyaran tsohuwa: tambayoyin da ya kamata mutanen Diffa su riƙa yi

Duk wanda ya tsaya a bakin kwalta a Gagamari da hantsi, cikin awa guda zai ga kusan duk abin da ake tafiya da shi a jihar Diffa. Ga manyan motoci da suka taso daga Damagaram da kaya har sama, ga motocin fasinja masu zuwa Yamai, ga amalanken jaki ɗauke da buhunan tattasai, ga masu keke, ga mata da kaya a ka waɗanda suka baro ƙauyukan bakin Komadugu tun da asuba. Dukansu hanya ɗaya suke rabawa, wato hanyar ƙasa mai lamba 1, RN1, wadda ke yin fiye da kilomita 1,300 daga Yamai kafin ta iso garin Diffa, sannan ta zarce Ngigmi.

A nan, idan aka ce za a yi sabuwar hanya, murna ake yi. Shi ya sa mutum zai yi mamaki idan ya ji cewa a wasu ƙasashe akwai ƙungiyoyin farar hula da suka shafe fiye da shekara 30 suna fafutukar hana gina sababbin hanyoyi. Ba dukan hujjojinsu ne suka dace da mu ba, amma akwai waɗanda suka shafi yadda ake kashe kuɗin hanya da sunanmu, kuma ya kyautu mu san su.

Me masu adawa da sababbin hanyoyi ke cewa?

A Ingila ne wannan fafutuka ta fi yin suna. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta fito da wani babban shiri na gina hanyoyi. A 1992 mutane suka kafa sansani a Twyford Down, kusa da garin Winchester, don hana a fasa wani tudu a wuce da babbar hanya. A 1996 aka sake yin haka a Newbury, inda wasu suka tare a kan itatuwa, wasu suka haƙa ramuka suka shige don kada a sare dajin. An kama mutane da yawa, kuma an gina hanyoyin biyu. Amma a 1994 wani kwamitin masana da ke ba gwamnatin ƙasar shawara ya tabbatar da abin da masu zanga-zangar ke faɗa: sabuwar hanya tana jawo ƙarin motoci. Daga baya aka soke ayyuka da dama na wancan shiri.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Idan hanya ta faɗaɗa, tafiya da mota ta yi sauƙi, wanda da yake shiga motar haya sai ya fito da tasa, wanda yake zaune kusa da wurin aikinsa sai ya sayi fili a nesa. Bayan ƴan shekaru cunkoso ya dawo, an kuma kashe kuɗin da za a iya sa wa motocin haya ko jirgin ƙasa. Saboda wannan dalili, da kuma batun hayaƙin motoci da ke ɗumama duniya, a watan Fabrairun 2023 gwamnatin yankin Wales na Birtaniya ta soke mafi yawan manyan ayyukan hanya da ta tsara. A Afirka ma an fara bin wani tafarki: a Janairun 2024 Dakar ta ƙaddamar da manyan motocin fasinja masu aiki da lantarki, a kan layin da aka keɓe musu na kusan kilomita 18.

Shin wannan ya shafi Diffa?

Cunkoson motoci ba shi ne ciwon Diffa ba. Mutumin Ngurti da ke ratsa rairayi kafin ya kawo maras lafiya asibiti, ko ɗan kasuwar Ngigmi da ya sha wahalar ramuka shekara da shekaru a kan hanyar Diffa, ba wanda zai ce musu hanya ta yi yawa. Ita kanta RN1, wadda Kanada ta taimaka wajen gina sashenta na gabas a shekarun 1970 har ake kiranta Hanyar Haɗin Kai, ita ce ta ɗaure Manga da sauran ƙasa.

Inda maganar ta shafe mu shi ne wajen zaɓi. Kuɗin da ƙasa ke warewa ko take rantowa don sufuri ba su da yawa, kuma kwalta a ƙasar Manga tana da tsada ƙwarai, domin ƙasar rairayi ce da laka, sai an yi nisa ake samo dutse da tsakuwa. Kuɗin da aka sa a sabon aiki guda, shi ne ba a sa a gyaran tsohuwar hanya ba, ko a burjin da zai haɗa ƙauyuka goma da kasuwa. Sabon aiki yana da bikin ɗora harsashi da yanke ƙyalle, cike ramuka kuwa ba wanda ke zuwa ɗaukar hotonsa. Nijar ta riga ta ga misali: layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, an yi bikinsa a 2016, amma bai zama hanyar jigilar jama'a da kaya ba.

Abin da 2015 ta koya mana

Bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Cikin matakan da aka ɗauka akwai hana hawa babur, domin da shi maharan ke amfani, da hana cinikin tattasai da kifi na wani lokaci. An kuma rufe wasu kasuwanni, har da ta Gagamari. Kwalta tana nan inda take, ba abin da ya same ta, amma zirga-zirgar talaka ta tsaya. Ƴan kabu-kabu sun rasa sana'a. Manomin da gonarsa ke bakin kogi ya koma tafiya a ƙafa ko a kan jaki. Mace mai naƙuda a ƙauyen da mota ba ta shiga sai a amalanke.

A daidai wannan lokaci ne dubban mutanen da suka gudo daga Damasak tun ƙarshen 2014, da waɗanda aka kwashe daga tsibiran tafkin Chadi a 2015, da waɗanda suka baro Bosso bayan harin 3 ga Yunin 2016, suka kafa bukkoki a gefen RN1, a Gagamari, Asaga, Ngagam, Kinjandi da sauran wurare. Sun zaɓi bakin kwalta saboda nan jami'an tsaro ke wucewa, nan kuma motocin agaji ke iya isowa. Mafi yawansu ba su da mota, ba su da kuɗin shiga mota. Sun zauna a bakin babbar hanyar jihar, amma ruwa da itace a ka suke ɗaukowa.

A cikin garin Diffa kuwa, keke da adaidaita-sahu ne suka cike gurbin babur. Wannan ya nuna cewa abin da ke ɗaukar yawancin jama'a a kullum ƙananan abubuwan hawa ne masu araha, kuma duk shirin da ya manta da su ya manta da mafi yawan mutane.

Me ke cinye hanyar da muke da ita?

Na farko shi ne lodi fiye da ƙima. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi guda ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Ke nan babbar mota guda mai lodin wuce ƙa'ida tana yin ɓarnar da dubban ƙananan motoci ba za su yi ba. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 wadda ta ƙayyade nauyin da manyan motoci za su ɗauka, amma aiwatar da ita ya daɗe yana tafiyar hawainiya a ƙasashen ƙungiyar. Idan ba a auna motoci, sabuwar kwalta ma ba za ta kai shekarun da aka tsara mata ba.

Na biyu shi ne rairayi. Tsakanin Gure, Gudumariya da Maine-Soroa iska na turo tuddan rairayi kan hanya. Maganinsa sananne ne a yankin: a kafa shingayen kalimbo ko na kaba, a shuka itatuwa a tsare su daga dabbobi. Aiki ne na hannu, wanda matasan ƙauyuka ke iya yi a biya su.

Na uku shi ne ruwa. Komadugu ta yi ambaliya mai tsanani a Oktoban 2019, ta sake yi a 2022 da 2024. Hanyar da aka ɗaga a kan fadama ba tare da isassun kwalbatoci ba tana zama kamar madatsa: ruwan da ya kamata ya wuce sai ya koma gonaki da gidaje, ko ya tsaya ya jiƙa gindin hanyar har ta tsage. Saboda haka idan aka zo auna sabuwar hanya a kwarin Komadugu, manoman da suka san inda ruwa ke bi tun kaka da kakanni su ne ya kamata a fara tambaya.

Akwai asusun gyaran hanyoyi na ƙasa, FER, kuma don gyara ne ake karɓar kuɗi a shingayen biyan kuɗin hanya. Ramin da aka cike yana ƙarami bai kai kuɗin sake gina kilomita guda ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Wane irin sufuri ne zai ɗore a nan?

Tattasai, wanda ake wa kirari da jan zinariyar Manga, a gonakin bakin kogi yake fitowa, kuma tsadar ɗaukarsa tana farawa tun daga gona zuwa bakin kwalta. Burji mai kyau da kwalbati a inda laka ke riƙe amalanke suna iya ƙara wa manomi riba fiye da sabuwar kwalta mai nisa da shi. Irin waɗannan hanyoyin karkara suna cikin ayyukan shirin PROLAC na farfaɗo da yankin tafkin Chadi, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, kuma haƙƙin jama'a ne su tambayi inda aka kwana.

A cikin gari, titunan da aka shimfiɗa albarkacin Diffa N'Glaa, bikin 18 ga Disamba da aka yi a 2021, sun canza fuskar Diffa. Sai dai kwalta mai santsi tana sa direba ƙara gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa Afirka ce ke kan gaba wajen mace-macen haɗarin hanya idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa motocinta ba su da yawa, kuma masu tafiya a ƙafa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Gefen hanya na masu ƙafa da keke, tudun rage gudu a gaban makarantu da kasuwanni, inuwar itatuwa, fitilu masu aiki da hasken rana, da tashoshin adaidaita-sahu masu tsari, duka ba su kai kuɗin sabon titi ba, kuma yawancinsu suna hannun ma'aikatar magajin gari.

Tambayoyin da za a yi

Idan aka sake sanar da sabon aikin hanya a jihar, ga abin da mazauna gari, sarakuna, ƙungiyoyin manoma da na direbobi za su iya tambaya a taron jin ra'ayin jama'a. Su wa za su bi hanyar, kuma da wane abin hawa? Nawa za a kashe, kyauta ce ko bashi? Wa zai gyara ta bayan kamfani ya kwashe kayansa, da wane kuɗi? Ina ruwa zai bi idan Komadugu ta cika? Gonakin wa za ta ci, kuma yaushe za a biya diyya? Me wannan kuɗin zai iya yi idan aka sa shi a gyaran RN1 ko a hanyoyin ƙauye?

Wata hanyar za ta amsa waɗannan tambayoyi cikin sauƙi, irin wadda za ta kai mutanen Ngurti ko Bosso asibiti a kan lokaci, kuma ita ce ya kamata a matsa a yi. Wadda ta kasa amsawa, gara a dakata da ita a fara gyara wadda amalanken Gagamari ke bi yau.