Idan birkin tsohuwar mota ya cije

A hanyoyin kasuwannin ƙauye har yanzu ana gamuwa da tsofaffin motoci. Peugeot 404 ta fito a shekarar 1960, 504 kuma a 1968. Ƙarfensu yana da ƙwari, amma robobin birkinsu suna tsufa. Wata rana birki sai ya cije, ya ƙi saki. Mota ta yi nauyi, ta dinga ja gefe guda, a ji ƙauri. In direba ya ci gaba da tafiya, taya na iya fashewa ko ta kama wuta, ga mutane da kaya a baya.

Ga yadda birki yake aiki. In an taka shi, babban famfo da ke gaban direba yana tura man birki cikin bututu zuwa kowace ƙafa. Man ya tura takalman birki su matse kwanon ƙarfen da ke juyawa da taya. In an ɗaga ƙafa, sifirin ya ja takalman baya, man ya koma tankinsa ta wata ƴar ƙaramar huda. Duk abin da ya hana wannan komawa shi ne cutar.

Da an ji ƙauri, a tsaya. Fasinja su sauka, a sa duwatsu a tare tayoyi. A zagaya a kai hannu kusa da kowace ƙafa, amma kada a taɓa. Kada kuma a watsa wa ƙarfen ruwa, yana iya tanƙwarewa ko ya tsage. Zafin ne zai nuna inda za a duba.

In ƙafa ɗaya ce ta yi zafi, a bari ta huce, a ɗaga ta da jak, a juya taya da hannu. A bayan ƙafar akwai ƙaramin noti na fidda iska. A kwance shi kaɗan. In mai ya yi tsartuwa, taya kuma ta saki nan take, to tiyon roba ne ya lalace daga ciki. Mai yana wucewa da ƙarfin taki, amma ba ya iya komawa. Irin wannan tiyo yana ruɗin ido, don daga waje lafiya lau yake. Ba a gyara shi, sai a sake sabo. In kuwa tayar ba ta saki ba, sai an buɗe kwanon. Ko fistin ya yi tsatsa, ko sifirin ya karye, ko an ɗaure takalman fiye da kima.

In ƙafafun baya biyu ne, a duba wayar birkin hannu. Ruwan ƙorama da taɓo suna sa ta tsatsa. Motar da za ta yi damina a ajiye, gara a sa ta giya a tare ta da dutse.

In duka huɗu suka yi zafi, laifin babban famfo ne. Ƴar hudar nan ta toshe. Ana tafiya man yana zafi yana kumbura, ba shi da wurin komawa, birki yana ƙara cijewa. An huta awa guda, sai ya saki. Direba ya ce ta warke, a hau, bayan ƴan kilomita abin ya dawo. A gwada abin takawar da hannu: dole ya yi ɗan wasa kafin ya fara turawa. In babu wasan, an ɗaure sandarsa da yawa, kuma makaniki zai daidaita ta.

Mafi muni shi ne man da ba nasa ba. Wani in man birki ya ƙare masa a daji sai ya zuba man inji. Wani ya wanke robobi da isansi ko gazuwal. Wannan arha ce mai tsada. Robobin suna kumbura, su toshe hudar. Alamarsa, robar murfin tankin ta yi laushi ta ƙara girma. In haka ta faru sai an wanke bututu duka, an sake kowace roba da kowane tiyo.

Man birki na gaskiya yana zuwa a rufe, an rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikinsa. Yana shan damshin iska, shi ke kawo tsatsa. Don haka ake sake shi duk shekara 2, kuma ba a sayen wanda aka tsiyaya a buɗaɗɗiyar kwalba. Ƙurar tsofaffin takalman birki tana cutar huhu. Kada yaron gareji ya hure ta da baki, ya goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Duk sa'ad da aka kwance notin nan, a cika tanki, a fidda iska. Sannan direba ya gwada birki shi kaɗai, a hankali, kafin fasinja su hau.