Kafin ka biya kuɗin gida, je ka gan shi da damina

Dillali ya fi son nuna gida da rani, kuma da hantsi. A lokacin ƙasa ta bushe, yara suna makaranta, layi ya yi tsit, fenti sai ƙyalli yake. Haka aka yi mini shekarun baya a wata unguwar bayan gari a Kano. Na ga tayil, uwargida ta yaba kicin, na biya kuɗin shekara har da la'ada. Sai da Agusta ta kama muka gane tsohuwar hanyar ruwa ce aka yanka filaye a kanta. Ruwa har gwiwa a ƙofar gida, ƙaramin ɗana a wuyana, jakar makarantarsa a hannuna.

Da na san abin dubawa, da ban faɗa ba. Gindin katanga ba ya ɓoye sirri: inda ruwa ya taɓa kwanciya za ka ga zane mai duhu, siminti yana ɓarɓashi. In gidan sabon fenti ne, dubi katangar maƙwabta. Unguwannin awon igiya sun fi shiga wannan hali, domin sau da yawa ba a bar wa lambatu wuri ba. Ka tambayi dattawan layin, ba mai gida ba, wace shekara ruwa ya fi yi musu ɓarna. Mutanen Maiduguri sun ga ambaliyar madatsar Alau a 1994, ta sake dawowa a Satumbar 2024. Ruwa yana iya shekara 30 bai manta hanyarsa ba.

Kududdufi kuma, babba yana ganinsa ƙazanta, yaro yana ganinsa wurin wanka. Ga sauro da zazzaɓinsa.

Sai ruwan sha, inda aka fi yin sakaci. Masana lafiya suna son a samu tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. To, fili mai ƙafa 50 a 50 bai kai mita 16 ta kowane gefe ba. Ka ga ke nan ko ta wace kusurwa aka haƙa su, sun yi kusa, balle a ce masan maƙwabci yana jingine da katangarka. Daga nan ake samun gudawa da taifot da ba sa ƙarewa a gida, ana ta zarya kemis. In rijiyar irin wannan ce, a bar ta ga wanki, a san inda za a riƙa samun na sha da nawa 'yan garuwa suke sayar da jarka a unguwar. Kuma kowace rijiya ta kasance da murfi mai kwaɗo tun kafin a sauke kaya.

Shiga ɗakin yara ka rufe ƙofa, ka tsaya minti biyar da rana tsaka. Taga ɗaya ce, kuma katangar wani take kallo? Sanƙarau ya fi yaɗuwa da bazara a ɗakunan cunkoso marasa iska. Annobar 1996 ta ci sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Duba kuma inda maƙwabci yake ajiye janareta, domin hayaƙinsa yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, komai araharsa, a haƙura.

Yara ba sa tsayawa yadda suke. Ciki da falon da ya ishe ku yau zai matse ku nan da shekara uku, musamman da addini ya ce a raba musu shimfiɗa in sun kai shekara goma. Ƙaramin gida mai ɗaki uku da tsakar gida ya fi katafaren falo amfani ga mai 'ya'ya maza da mata.

Taka da ƙafarka daga ƙofar gidan zuwa makarantar boko da Islamiyya, da ƙarfe bakwai na safe. Titi nawa yaro zai tsallaka? In sai an hau adaidaita sahu kullum, lissafa kuɗin wata ka ɗora a kan haya, sannan ka ce gidan yana da sauƙi.

Ziyara ta ƙarshe bayan isha'i ce. Su wane ne suke zama a majalisar bakin layi, kuma me ake yi a kangon da ke kusa? Waɗannan su ɗanka zai riƙa gani kowace rana, fiye da yadda yake ganinka. Gaisa da mai unguwa, ka sallaci isha'i a masallacin layin, uwargida kuma ta leƙa gida biyu ko uku, domin mata suna faɗa wa juna abin da maza suke rufewa.

Dillali zai ce maka wani yana hanya da kuɗi a hannu. Ka ce masa Allah ya sanya alheri, ka nemi mako guda.