Kagarar Gaillard ta Ƙasar Normandi: Gininta da Faɗuwarta

Manufar wannan takarda ita ce a dubi tarihin wata kagara da ke arewacin Faransa, wadda ake kira Château Gaillard, a kuma bincika dalilin da ya sa ginin da aka ɗauka ba ya ciwuwa da yaƙi ya faɗi shekara shida kacal bayan kammala shi. An zaɓi kalmar kagara ne a nan domin ganuwa, yadda muka san ta, gari take kewayewa da jama'arsa. Wannan kuwa gidan sarki ne da barikin mayaƙansa a haɗe, talakawa suna waje.

A ƙarshen ƙarni na 12, Normandi tana hannun Sarkin Ingila Richard na Ɗaya, ko da yake a bisa ƙa'ida ƙasar Sarkin Faransa ce, watau Filib na Biyu. Sa'ad da aka tsare Richard a Jamus bayan ya baro yaƙin Gabas ta Tsakiya, sai Filib ya kame garuruwan kan iyaka, hanyar Rouen, babban birnin Normandi, ta zama a buɗe. Da Richard ya kuɓuta a 1194, ya ga ba makawa sai ya toshe ta. Ya zaɓi wani tsauni a Andeli mai tsayin kimanin mita 90 a bisa Kogin Sen. Filin kuwa na babban limamin Kirista na Rouen ne, wanda ya ƙi sallamawa, har ya hana ayyukan ibada a Normandi. Sai a 1197 aka sasanta ta hanyar musayar filin da wasu garuruwa.

An yi ginin tsakanin 1196 da 1198. Masana sun ƙiyasta kuɗin da ya ci tsakanin fam 15,000 da 20,000, wanda ya ninka abin da Richard ya kashe wa dukkan kagarun Ingila a zamanin mulkinsa fiye da sau biyu. Tsarinsa farfajiya uku ne a jere bisa doron tsaunin, da gwalalo da aka sassaƙe cikin dutse. Ta fuska ɗaya tak maƙiyi zai iya tunkarowa, can aka kafa farfajiyar farko. Bangon farfajiyar ciki kuwa an gina shi lanƙwasa bayan lanƙwasa, domin dutsen majajjawa ya goce, kuma maharba su ga gindin bango ta kowane ɓangare. A nan ne gwanintar maginan ta fi fitowa.

Richard ya mutu a 1199, ƙanensa John ya gaje shi. A 1203 Filib ya yi wa kagarar ƙawanya, mai tsaronta a lokacin shi ne Roger de Lacy. Gudummawar da John ya turo ta ƙasa da ta ruwa ta watse, domin jiragen ba su iso a kan lokaci ba. Daga nan bai sake turo kowa ba, a watan Disamba ma ya haye Ingila.

Ya kamata mu dakata a kan abin da ya sami mutanen gari, domin sau da yawa bayanin gini yakan rufe shi. Da yaƙi ya matso sun gudo cikin kagarar neman mafaka. Da de Lacy ya ga abinci ba zai kai ba, sai ya kore su. Faransawa suka bar na farko suka wuce, sa'an nan Filib ya hana, don nauyin ya koma kan masu tsaro. Ɗaruruwan mutane suka maƙale tsakanin rundunonin biyu cikin tsananin sanyi, yunwa ta kashe da yawansu kafin Filib ya ba da umarnin a ciyar da sauran.

A watan Fabrairu 1204 aka fara farmaki sosai. An ci farfajiyar farko ta hanyar haƙa rami ƙarƙashin hasumiya har ta rufta. Ta biyu kuwa ta ɗakin ibadar da John ya ƙara aka shige ta. Marubuta sun saɓa, wasu sun ce ta taga ce, wasu sun ce ta ramin masai. A ta uku, gadar dutse da aka bari a kan gwalalo ita ta zama rumfa ga masu haƙa. Ranar 6 ga Maris 1204 masu tsaro suka sallama, Rouen kuma ta bi baya a watan Yuni. A ganina jerin farfajiyun ya taimaki maƙiyi, domin ya ba shi damar cin su ɗaya bayan ɗaya. Amma babban dalili shi ne an gina kagarar ne don ta riƙe maƙiyi har sarki ya iso da runduna, ga shi ta riƙe wata shida ba wanda ya zo.

Bayan haka ta zama kurkuku, inda aka tsare Margaret ta Burgundi a 1314, ta kuma zama masaukin Sarkin Sikotland Dauda na Biyu daga 1334. Ingilishi sun ci ta a 1419, ta koma hannun Faransa dindindin a 1449. Faransawa da kansu suka rushe ta: a 1599 Sarki Henri na Huɗu ya ba da izinin haka, aka kwashi duwatsunta aka yi gine-ginen addini a garin. A 1862 gwamnati ta sa kufanta cikin kayan tarihin da doka ta kare. Babbar hasumiya da bangon nan mai lanƙwasa suna nan tsaye a bisa kogin.