Yadda Ake Auna Aikin Tsohon Koci Idan Ya Dawo Bakin Fili

Garin Jibiya, da yake yana bakin iyakar Najeriya da Nijar a kan hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Maraɗi, yana cikin wuraren da ake bin labarin ƙungiyoyin ƙasa biyu a lokaci guda, wato Super Eagles ta Najeriya da Mena ta Nijar. A gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa na irin waɗannan garuruwa, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta koci, wato mai horar da 'yan wasa, kuma takan fi zafi idan aka ce an dawo da wani tsohon hannu da ya daɗe da barin aikin, domin nan take jama'a kan rabu gida biyu, wasu suna cewa ya san takan aiki, wasu kuma suna cewa zamaninsa ya wuce. Matsalar ita ce mafi yawan hukuncin da ake yanke wa irin wannan mutum ana gina shi ne a kan sakamakon wasansa na ƙarshe, alhali kuwa ba kasafai ake kiran tsohon koci ba sai bayan al'amura sun riga sun dagule.

Dawowar tana da nau'i fiye da ɗaya, kuma ya kamata a bambance su tun da fari. Akwai wanda ya yi ritaya da bakinsa sannan aka roƙe shi ya dawo, kamar Jupp Heynckes na Jamus, wanda ya ajiye aiki a 2013 bayan ya ci wa Bayern Munich kofuna uku a kaka guda, sannan ya amsa kira a watan Oktoba na 2017 yana da shekara 72, ya sake ɗaukar kofin gasar Jamus a 2018. Akwai kuma wanda ya sauka yana kan ganiyarsa ya koma daga baya, kamar Marcello Lippi, wanda ya ci wa Italiya kofin duniya a 2006, ya dawo a 2008, aka yi waje da ƙungiyarsa a 2010 tana ta ƙarshe a rukuninta. A Afirka ta Yamma kuwa nau'in da aka fi sani shi ne na uku, wato kocin gida da hukuma ta ture gefe, sannan ta tuna da shi sa'ad da baƙon da ta ɗauko ya tafi ko kuɗi ya yanke.

Misali mafi bayyana a tarihin Najeriya shi ne na Adegboye Onigbinde, mutumin Modakeke da ke jihar Osun ta yanzu. Ya karɓi ƙungiyar ƙasa bayan an kore ta tun a zagayen rukuni a gasar cin kofin Afirka ta 1982 a Libiya, duk da cewa ita ke riƙe da kofin da ta ci a Legas a 1980, sai ya tattara matasa, ciki har da Stephen Keshi da Rashidi Yekini, ya kai su wasan ƙarshe a birnin Abidjan a 1984, inda Kamaru ta yi nasara da ci 3 da 1. A wannan shekarar ne kuma ya kai Shooting Stars ta Ibadan wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, inda Zamalek ta Masar ta ɗauki kofin. Daga baya ya fi karkata ga aikin koyar da masu horarwa a ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da ta duniya, FIFA, har sai farkon 2002 da aka sake miƙa masa ƙungiyar ƙasa, shekara 18 bayan wasan Abidjan, yana gab da cika shekara 64, kuma saura 'yan watanni kaɗan a fara gasar cin kofin duniya a Koriya ta Kudu da Japan.

Wanda ya dubi alƙaluma kawai zai ce dawowar ba ta yi armashi ba, domin Ajantina ta doke Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi, Suwidin ta ci biyu bayan Julius Aghahowa ya fara zura ƙwallo, sannan aka tashi canjaras babu ci da Ingila a birnin Osaka, aka dawo gida da maki ɗaya, alhali a 1994 da 1998 an tsallake zuwa zagaye na biyu. Masu suka sun fi riƙe masa laifin ajiye manyan 'yan wasa irin su Sunday Oliseh da Finidi George, kuma sukar tana da tushe, domin ƙungiyar ta tafi da ƙarancin gogewa a tsakiyar fili, sannan ba a san koci ya rushe ƙungiya ya sake gini ana gab da babbar gasa ba. Sai dai adalci yana buƙatar a haɗa da abubuwa biyu. Na farko, rukunin ya yi tsauri har ita kanta Ajantina, wadda ake sa wa ran ɗaukar kofin, ba ta fita daga cikinsa ba. Na biyu, a wasan Ingila ne ya tsayar da wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Vincent Enyeama a raga, ya hana a ci shi, kuma wannan yaro ne ya riƙe ragar Najeriya fiye da shekara goma, ya buga mata wasa 101, ya kuma ɗaga kofin Afirka a 2013 a ƙarƙashin Keshi, wanda shi ma ya taɓa zama ɗalibin Onigbinde. Ribar irin wannan shawara ba ta bayyana a lokacin da ake rubuta takardar sallama, takan fito ne a hannun wani koci daban, shi ne kuma ake yi wa tafi.

Ba za a fahimci dawowar Onigbinde ba sai an san wanda aka cire don a ba shi wuri, wato Shuaibu Amodu, mutumin da ya ci wa BCC Lions ta Gboko kofin ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasarsu na Afirka a 1990, ya kuma ci kofin ƙalubale da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri a 1991 da 1992. Amodu ya gaji Jo Bonfrère a 2001 bayan Saliyo ta doke Najeriya a Freetown, lokacin da Laberiya ke gaba kuma gurbin zuwa kofin duniya ya kusa kuɓucewa, sai ya ci wasanni ukun da suka rage ya samo gurbin, amma aka sallame shi bayan ya zo na uku a gasar Afirka ta Mali a 2002. An sake kiransa a 2008, ya sake samo gurbin kofin duniya a ranar ƙarshe ta wasannin neman gurbi a watan Nuwamba na 2009, ranar da Najeriya ta ci Kenya 3 da 2 a Nairobi, Mozambik kuma ta doke Tunisiya, ya sake zuwa na uku a Angola a 2010, aka sake sallamarsa aka ɗauko Lars Lagerbäck ɗan Suwidin. Abin da ya kamata mai gardama ya riƙe a nan shi ne, duk sau biyun wanda ya maye gurbinsa da maki ɗaya ya dawo, kuma masu kallo a Arewa ba su manta da jan katin da aka bai wa Sani Kaita a wasan Girka na gasar kofin duniya ta 2010 ba, wanda ya juya wasan da Najeriya ke kan gaba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma hukumar ƙwallon Najeriya ta gwada yin hakan har sau biyu cikin shekara takwas. Amodu ya rasu a birnin Benin ranar 10 ga Yuni, 2016, kwana uku bayan rasuwar Keshi, ba tare da ya taɓa jagorantar ƙungiyar a gasar da ya kai ta sau biyu ba.

A ɗaya ɓangaren iyakar ma akwai makamancin wannan. Harouna Doula ne ya kai Mena gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihinta, ta 2012, bayan ta doke Masar da ci ɗaya a Yamai, ta kuma sha gaban Afirka ta Kudu da Saliyo bisa ƙa'idar sakamakon karawar da ƙungiyoyin suka yi da juna, ƙa'idar da 'yan wasan Afirka ta Kudu ba su fahimta ba har suka yi ta rawa a fili suna zaton su ne suka tsallake. CAF ta ba shi kyautar gwarzon koci na 2011, amma ana shan kashi a wasan farko a hannun Gabon sai aka miƙa ragamar ga Rolland Courbis ɗan Faransa, wanda shi ma bai samu ko maki ɗaya ba a wasanni biyun da suka rage. Bayan shekara goma sha ɗaya, Doula ya jagoranci Nijar a gasar CHAN, wato gasar da 'yan wasan da ke buga ƙwallo a cikin ƙasarsu kaɗai ke shiga, wadda aka yi a Aljeriya a farkon 2023, ya doke Kamaru, ya fitar da Gana, ya kai wasan kusa da na ƙarshe, inda masu masaukin baƙi suka ci shi 5 da nema. Wanda ya riƙe wannan ci biyar ɗin kaɗai zai manta cewa Nijar ba ta taɓa kaiwa wannan mataki ba kafin ranar.

Daga waɗannan misalai ana iya gane cewa tambayar farko da ta dace a yi ita ce a wane hali ya sami ƙungiyar, kuma wata nawa aka ba shi, domin maginin da aka kira ya tare bangon da ya tsage a tsakiyar damina ba a auna shi da wanda ya yi gini cikin rani a natse. Bayan haka sai a dubi ko shi ne ya zaɓi 'yan wasansa da mataimakansa ko kuwa an ɗora masa su ne, sannan a jira shekaru a ga su wa ya bari a baya. Wannan ba ya nufin a wanke tsohon koci daga kowane laifi, domin ƙwallo tana sauyawa, salon wasa da yanayin 'yan wasa suna sauyawa, kuma akwai wanda yakan dawo da dabarar da aka riga aka gano laƙaninta, ko ya liƙe wa tsofaffin yaransa bayan ƙafarsu ta yi nauyi, wanda shi ne babban abin da aka zargi Lippi da shi a 2010. Irin wannan kuskure nasa ne, kuma a kansa ya kamata a rubuta shi, amma a matsayin babi na biyu da bai goge na farko ba.

Idan aka bi wannan ma'auni, Onigbinde ya yi kuskure a yawan sauyin da ya yi cikin ƙurarren lokaci, amma yana nan a matsayin ɗan Najeriya na farko da ya jagoranci ƙungiyar ƙasarsa a gasar cin kofin duniya, kuma mafi girman alhakin abin da ya faru a 2002 yana wuyan hukumar da ta sallami Amodu ana saura wata huɗu a fara gasa.