Lamba ta hau a takardar awon jini: kada mu firgita tukuna

Ranar zubin da ta wuce, wata ƴar ƙungiyarmu mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gujiya ta zo da takarda ƙulle a bakin zane. Ƙaiƙayi ne ya dame ta, ta je birni aka yi mata awon jini. An rubuta IgE 380, a gefe kuma an sa iyaka 100. Wani ɗan lakkol ya karanta mata, ya ce ai borin jini ne, gujiya ce jikinta ba ya so. Sai ga ta tana neman bashin jikka ashirin daga asusu ta sayi magunguna, wai kuma za ta bar suya. Sana'ar da take ciyar da yara biyar da ita fa!

Muka ce, "Yaya, dakata, mu koma wurin likita tare." Ga abin da muka samo, don ya amfane mu duka.

IgE wani sinadari ne na garkuwar jiki, kowa na da shi a jini. Shi ke tashi idan jiki ya ƙi wani abu, kamar ƙura, wani abinci ko harbin zuma, har a samu borin jini, atishawa ko fuka. Amma yana da wani aikin: yaƙi da tsutsar ciki da tsargiya. Masana a Amurka da Suwidin ne suka gano shi a 1966 da 1967. A 1968 aka auna yara a Habasha, aka tarar nasu ya ninka na yaran Suwidin fiye da sau goma, musamman masu tsutsar ciki.

To kun ga, iyakar 100 ɗin nan galibi daga awon mutanen Turai aka samo ta. Mu da ke wanki a tabki, muna noman rani ƙafa cikin ruwa, ba abin mamaki ba ne lambar mace lafiyayya ta kai ɗari-ɗari. Ko tsakanin masu lafiya ma ba a zama ɗaya. Lambar takan fi hawa a ƙuruciya, ta riƙa sauka da shekaru. Ta maza takan ɗara ta mata, ta mai shan taba ta ɗara ta wanda ba ya sha. Akwai kuma gado. Mutum ɗaya ma, awon bana da na baɗi suna iya bambanta. Sannan ana samun mai borin jini na gaske amma lambarta ba ta wuce iyaka ba.

Shi ya sa likitan bai tsaya kan takardar ba. Ya tambaye ta: "In kin ci ƙuli-ƙuli, leɓe na kumbura? Jiki na yin rudu-rudu nan take?" Ta ce shekara goma sha biyar tana ci, ko sau ɗaya. Ya sa aka auna bayan gida da fitsari, aka ga ƙwan tsutsa. Maganin da ya rubuta bai kai jikka ɗaya ba.

Ƴan'uwa, in an ba mu irin wannan takarda, mu mayar wa wanda ya tura mu awon. Mu faɗa masa me muka ci, me muka shafa, yaushe abin ya fara, ya daɗe ko ya wuce da wuri. Kada mu sayi ƙwayoyi a tallar kasuwa, kada mu bar abinci ko sana'a saboda lamba kaɗai.

Amma akwai inda ba a jira. Idan bayan cin wani abu, shan magani ko harbin zuma, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya ko mutum ya suma, a ruga da shi asibiti mafi kusa nan take, ko da dare ne. Kuɗin kai shi, a ɗauka a asusun taimako, a yi lissafi daga baya.

Ita kuwa yayarmu, ba ta ci bashin ba. Ranar kasuwa mun gan ta bakin kaskonta, mai na tafasa.